Esin Hilux ɗina yana ɗaukewa in rana ta take: kuloci ne ko kwamfuresa?

Baban Ummi, Dawanau

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan esin mota, kafin in zuba kuɗi inda ba zai fito ba.

Motar Hilux ce ƙirar 2002, mai ƙofa huɗu, injin fetur 3RZ. Da ita nake bin kasuwannin ƙauye ina ɗauko riɗi da zoɓo zuwa Dawanau. Ta sha hanya, ban ɓoye muku ba, amma inji lafiyarsa lau, ba ya shan baƙin mai, ba ya hayaƙi, allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Esin ne ya sa ni gaba tun shigowar bazarar nan.

Ga yadda yake yi. Da safe in na tayar da mota na danna maɓallin, nakan ji wannan "ƙas" ɗin daga gaban inji, silo ya ɗan ɗaga, sanyi ya zo sosai har sai na rage fanka. In na kama hanyar Katsina, kafin in kai Bichi sai iska ta fara ɗumi, can sai ta koma hucin rana kawai. Fitilar maɓallin tana nan a kunne, ba ta ƙyaftawa, fankar ciki tana busawa. In na kashe na sake kunnawa, shiru, babu "ƙas". Sai motar ta huce a inuwa sannan ya dawo hayyacinsa. In kuwa cikin gari ne, a cunkoson Kurna da tsakar rana, ko nisa ba ya yi yake ɗaukewa.

Na kai wa wani mai esi, ya jona agogonsa ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara. Babu abin da ya sauya. Na koma, ya ce to kwamfuresa ce, wato na'urar da ke matsa gas ɗin esi, ta gaji, in je Ƙofar Ruwa in sayo 'yar Beljiyam, ya zubar da gas ɗin da na biya kuɗinsa, ya ɗaura, ya sake cikawa. Da ya lissafa min kuɗin sai da na zauna.

Abin da ya hana ni amincewa shi ne wani abu da yarona ya yi. Muna tsaye a wata kasuwa, inji na aiki, esi a kunne amma ya ɗauke. Ya buɗe bonet yana leƙe, ya ce "Baba, fulin yana juyawa amma farantin gabansa a tsaye yake." Sai ya ɗauki ƙotar tsintsiya ya ɗan dungure farantin. Nan take ya ce "ƙas", ya kama, sanyi ya dawo. Bayan ɗan lokaci ya saki kamar yadda ya saba yi, kuma ya ƙi komawa sai da aka sake dungurarsa.

To tambayata: kwamfuresar da ta mutu za ta ba da sanyi irin wannan don an dungure ta da ƙota? Ana iya gyara kulocinta, wato ɓangaren fuli da farantin nan, shi kaɗai ba tare da an taɓa gas ba? Kuma in ana iyawa, me zan ce wa makanike ya duba, don kada in je ina kame-kame? Allah ya saka da alheri.

Direban Gusau

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai shawarata ka bi maganar mai esin. Motar da ta haura shekara ashirin, komai na jikin kwamfuresar nan ya tsufa tare. Ka gyara kuloci yau, gobe sil ɗin da ke tare gas da mai ya fara yoyo, jibi boris ya fara kuka, kullum kana gareji. Ni da tawa ta fara wannan wasan cire ta na yi gaba ɗaya na sa 'yar Beljiyam, na huta.

In kuma aljihu bai yarda ba yanzu, akwai dabarar da muke yi a hanya. A ja waya daga batir kai tsaye zuwa kulocin, a sa ɗan makunni a gefen sitiyari. In kana son sanyi ka kunna, in ya ishe ka ka kashe. Ba ruwanka da rile, ɗan makunnin da ke sakar wa kuloci wuta, da sauran tarkace.

Baba Mai Esi, Kaduna

Salamu alaikum. Baban Ummi, yaronka ya riga ya gama rabin aikin, ka sa masa albarka. Ɗana Direban Gusau, ka yi haƙuri, zan saɓa maka a duka biyun.

Kwamfuresar da ta mutu ba ta sanyi da safe ta ƙi da rana. In ta mutu ta mutu, ko ta ƙame, ko tana juyawa ba ta matsa gas. Taka tana matsawa, tunda duk sanda farantin ya kama kana samun sanyi. Abin da ya gaza shi ne abin da ke haɗa ta da inji, kuma shi a waje yake, a hancinta. Ba ya cikin hanyar gas ko kaɗan.

Kulocin nan abu uku ne. Akwai fuli, wanda bel ke jansa, yana juyawa a kan borisinsa muddin inji na aiki, ko esi na kunne ko a kashe. Akwai farantin gaba, wanda ke ɗaure da sandar kwamfuresa. Sai kwayil, wayar tagulla ce aka nannaɗe, tana ɓoye a bayan fuli, ba ta motsi. In wuta ta shiga kwayil sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo farantin ya manne da fuli, su juya tare. Wannan fizgar ita ce "ƙas" ɗin da kake ji.

Tsakanin faranti da fuli akwai 'yar rata da aka bari da gangan. A kwamfuresar Denso irin wadda Toyota ke sa wa motocin wancan zamanin, ratar rabin milimita ce, ana yarda da ita daga 0.35 zuwa 0.65. Duk kamawa ɗaya sai ƙarfe ya ɗan ci ƙarfe. Ka lissafa sau nawa ya kama ya saki tun 2002, ga ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye suna shiga tsakani suna taya shi ci. Ratar sai ta buɗe, ta kai 0.8, wani lokaci ta kai milimita guda. Ƙarfin maganaɗisu kuwa da an ɗan ƙara nisa yake faɗuwa warwas.

Me ya sa da safe yake kamawa? Saboda tagulla. In ta yi zafi takan ƙara tauri ga wuta, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Kwayil ɗin da taurinsa ke ohm 3.5 da sanyin safiya, in ya ɗauki zafin inji da na kansa ya kusa digiri 100, zai kai wajen ohm 4.5. Wutar da yake ja ta sauka daga kusan amp 4 zuwa 3. Da safe ƙarfinsa ya isa ya tsallake ratar da ƙyar, da rana bai isa ba. Kuma ka lura, riƙewa ba ta buƙatar ƙarfi kamar fizgowa. Shi ya sa da aka tura masa farantin da ƙota ya riƙe gam. Sakin da ya yi daga baya ba laifi ba ne, akwai ɗan ma'aunin sanyi a cikin dashbod da ke yanke masa wuta in ciki ya kusa ƙanƙara, sannan ya maido. A maidowar ne yake kasawa.

Amma kada ka ɗauki maganata daga nesa, gani ya kori ji. Ga abin da za a yi, kuma a yi shi lokacin da esin ya ɗauke, ba da safe ba. Wannan ne kuskuren da ake yawan yi, a kai mota gareji da sassafe tana aiki lafiya, makanike ya duba ya ce ba komai. Ka bar ta ta yi zafi ta ɗauke, kada ka kashe inji, a sa mita a wayar da ke shiga kulocin. In akwai wuta, volt 13 ko sama da haka, farantin kuma a tsaye, magana ta ƙare, kuloci ne. In babu wuta, to kuloci ba shi da laifi, wani abu ne a baya ya yanke masa, kuma wannan wata hanya ce daban.

Daga nan a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu. A samo fila geji, irin wanda ake saita bawul da shi, a auna ratar a wuri uku kewaye da farantin. Sannan ka kama farantin da hannunka ka juya shi. Ya kamata ya juya sumul, da ɗan nauyi-nauyi saboda fistin na ciki. In ya ƙi motsi, ko kana jin gurzar ƙarfe, to a nan ne maganar Direban Gusau ta tabbata.

Gyaran kansa ba shi da yawa. Akwai noti ɗaya a tsakiyar farantin, soket lamba 10. A riƙe farantin kada ya juya, da abin kwance filtar mai ko makamancinsa, a kwance notin. Farantin a kan haƙora yake zaune, yakan zaro da hannu in an girgiza shi a hankali. In ya cije, a wasu akwai zare a cikin ramin, ana ɗaura noti mai ɗan kauri ya turo shi waje. Kada a bari wani ya cusa sukudireba biyu ya banƙare shi, in ya lanƙwashe ya tashi daga aiki. A shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa kafin a zare, domin a cikin ramin, ko a bakin sandar, akwai 'yan siraran washa, ɗaya ko biyu ko uku, ƙanana ƙwarai, kuma su ne maganar gaba ɗaya. Su ke saita ratar. Toyota na yin su kauri uku, 0.1 da 0.3 da 0.5. In sun faɗa cikin turɓayar gareji sai dai wani ikon Allah.

Ka rage washa daidai yawan da ratar ta ƙaru. In ka auna 0.8, ka cire ta 0.3, ka dawo 0.5. A mayar da faranti, a ɗaure notin da hankali, ƙaramin noti ne, ba a taka shi da ƙafa kamar na taya. A sake aunawa. A juya a tabbata faranti ba ya gogar fuli. Wasu sukan kwashe washar duka su ce ai yanzu zai kama da kyau. Zai kama, amma in ratar ta yi ƙasa da 0.35 zai riƙa goga ko esi na kashe, ya yi zafi, ya narkar da man boris, ya ƙona kwayil. Kuma kada a shafa wa fuskar giris ko mai, a goge ta tas ta bushe.

A kan 3RZ sau da yawa ana yin wannan kwamfuresa na zaune a wurinta. In wuri ya yi ƙunci a kwance notocin da ke riƙe ta da inji a ɗan karkato ta, bututun gas na nan a ɗaure. Duk wanda ya fara kai sifana kan bututu don gyaran kuloci, ka ce ya dakata.

Wata magana, ka ja wa yaronka kunne. Dungurar nan gwaji ce, ba magani ba. Itace kawai, ba ƙarfe ba, kuma ba da doguwar riga mai faɗin hannu ba. Bel da fanka ba su san ɗan gida ba.

Ɗan Rewaya

Baba ya gama magana, ni ɓangaren waya kawai zan ƙara, don shi ne abincina.

Kafin a kwance faranti, Alhaji, a ba ni minti kaɗan da mita. Na sha ganin ratar da ba ta wuce ƙa'ida sosai ba, amma wutar da ke isowa ce ta raunana. Batir na nuna 14, a bakin kwayil kuma 11 da ɗoriya. Ina sauran suka tafi? Rile ne bakinsa ya ƙone ya yi baƙi, ko soket ya yi kore da tsatsa, ko inda wani ya taɓa yanke wayar ya murɗe ta da hannu ya naɗe da salatif. Rile ɗin kuloci galibi yana cikin akwatin fiyus, in akwai wani irinsa sak a kusa, musanya su ka gani, gwaji ne na kyauta. Sannan kwayil ta jikin kwamfuresa yake mayar da wutarsa, akwai 'yar waya da ɗan sukuru ya danne. In wurin ya yi tsatsa, sai ka ga 13 a mita amma aiki babu. A kwance a kankare ya yi fari.

A zare soket a auna kwayil ɗin ma. Ohm 3 zuwa 4 da wani abu lafiya ne. In mita ba ta nuna komai ba ya tsinke. Da yawa daga kwayil ɗin Denso akwai ɗan fiyus na zafi a binne a cikinsu, in kuloci ya yi ta zamewa ya yi zafi fiye da kima sai ya yanke don kada bel ya tsinke. Naka bai yanke ba tunda yana kamawa, amma in ka ci gaba da tafiya da shi yana santsi, can za a je.

Yanzu maganar jan waya kai tsaye. Oga Direba, wallahi ba raini ba, amma wannan dabarar ta kashe kwamfuresa da yawa. A kan bututun gas akwai makunnin matsi. In matsin gas ya yi ƙasa da wajen 2 a ma'aunin "bar" yana yanke kuloci, domin man da ke shafa cikin kwamfuresa tare da gas yake yawo, in babu gas a bushe za ta yi ta juyawa har ta ƙame. In kuma matsi ya haura wajen 30 nan ma yana yankewa, kafin tiyo ya fashe. Ka ja waya daga batir, ka tsallake shi, ka tsallake na ƙanƙarar ciki. Ran da ka manta makunnin a kunne ka kwana, da safe batir ya mutu. Kuma ko ka ja, ai ba ka rage ratar ba. Jan waya daga batir na daƙiƙa kaɗan don gwaji, inji a kashe, a ji ko zai ce "ƙas", wannan muna yi. A bar shi haka a hau titi, a'a.

Abu na ƙarshe. Mutumin da ke ɗaukar riɗi da zoɓo, ya leƙa kondensa, mai huce gas ɗin esi, wadda ke gaban lagireto. Ƙaiƙayi da ƙura na toshe ta, matsi ya hau da rana, makunnin ya yanke, alamar ta zo kusan iri ɗaya da taka. Bambancin, a wannan ba za ka samu wuta a wayar kuloci ba, kuma dungura ba ta tayar da shi.

Baban Ummi, Dawanau

Baba Mai Esi, Allah ya ƙara girma. Ɗan Rewaya, na gode ƙwarai. Direban Gusau, kai ma na gode, ai shawara ce.

Na samu wani mai rewaya a unguwarmu, na karanta masa abin da kuka rubuta. Muka zaga da motar har esin ya ɗauke, muka tsaya ba mu kashe ba. Wuta a bakin soket 13.4, batir 13.9. Farantin a tsaye cik. Kwayil bayan ya huce ya nuna ohm 3.8. Fila geji sai da muka aro wajen mai saita inji. Ratar, 0.85 a wuri biyu, 0.9 a na ukun. Farantin yana juyawa da hannu ba gardama.

Mun kwance, ya zaro ba wahala. Washa biyu muka samu, ɗaya mai ɗan kauri ɗaya kamar takarda. Amma ga abubuwa biyu da suka tsayar da ni, shi ya sa ban bari an rufe ba sai na ji daga gare ku.

Na farko, da muka sassauta bel muka juya fulin da hannu, yana wata 'yar ƙara, "shurrr", kuma in ka sake shi yakan daɗe yana juyawa shi kaɗai. Mai rewayar ya ce ai alamar lafiya ce tunda yana gudu. Ni kuma na tuna tun kwanakin baya nake jin wani ɗan kuka daga gaban inji da safe ko esi na kashe.

Na biyu, a cikin ramin bayan farantin, kewaye da sandar, akwai ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa, baƙi. Ba ya ɗiga, fuskar farantin ma a bushe take, sai dai ta yi zane-zane kewaye. Wannan shi ne yoyon da Direban Gusau ya faɗa?

Baba Mai Esi, Kaduna

Madalla, yanzu da lamba muke magana.

Fara da boris. Mai rewayarka ya san waya, amma nan ya zame. Boris mai lafiya cike yake da giris, in ka juya shi shiru yake, kuma da ka saki yake tsayawa. Wanda ke gudu shi kaɗai yana shurrr ya bushe. Kukan da kake ji esi na kashe ma shaida ne, don a lokacin cikin kwamfuresa ba ya motsi, fuli kaɗai ke juyawa. Ka canza shi yanzu da kake wurin. In ya watse a hanya fulin zai karkace ya gurji kwayil, ya cinye hancin kwamfuresa, wanda alminiyam ne, kuma in hanci ya ciwu babu gyara. Sa'arka ɗaya, a 3RZ bel ɗin esi nasa ne shi kaɗai, in abu ya ɓaci a daji ka cire shi ka ci gaba da tafiya. Masu sabuwar Hilux mai injin 2TR bel ɗaya ne ke jan komai, har altaneta da famfon ruwa, su in fulin esi ya ƙame sun kwana a nan.

Fulin zoben sakilif ne ke riƙe shi, a buɗe da filayarsa, a zaro fulin a miƙe. Lambar boris na rubuce a jikin robarsa, ka tafi da tsohon kasuwa a hannunka, mai layi biyu ne, kada a haɗa ka da ƙanana biyu a ce duk ɗaya ne. A matsa sabon da injin matsi, ta bakin zoben waje, ba a buga shi da guduma ta tsakiya. Wajen mayar da sakilif, gefensa ɗaya a fiƙe yake, wannan gefen ke kallon waje, kuma a tabbata ya faɗa raminsa duka kewaye.

In ka samu kuloci sukutum na Denso, faranti da fuli da kwayil, daga kwamfuresar da cikinta ya mutu, a Ƙofar Ruwa ko nan Panteka, shi ma hanya ce, wani lokaci ya fi sauƙi. Sai dai ka ƙirga ramukan bel, ka gwada faɗin fuli da naka, kuma ko shi sai an saita masa rata.

Zanen da ke fuskar farantin ba komai, haka suke. Shuɗi-shuɗin ƙuna ko robar da ta tsattsage ne abin tsoro.

Danshin mai kuwa, e, daga sil ɗin sanda yake. Amma tsohuwar kwamfuresa da wuya ka buɗe ba ka ga wannan ba. Tunda bai kai fuskar faranti ba, ka goge, ka rufe, ka sa ido. In gas na kai maka shekara, ka ƙyale shi. Ran da ka ga mai ya yi layi a cikin bonet saitin fulin, ko sanyi na raguwa duk bayan 'yan makonni, lokacin buɗe gas ya yi. Kuma ran nan ba cikawa kawai ba ce, sai an canza diraya, mai tsotse danshi daga gas, an zuƙe iska da danshi da famfo na aƙalla rabin awa, an sa man da ya dace da R134a, wanda Denso ke kira ND-OIL 8, an auna gas da sikeli.

Abin da ya fi damuna ma shi ne gas ɗin da aka ƙara maka alhali ba shi ne matsalar ba. Yawansa ba ya ƙara sanyi, matsi yake ƙarawa, kuloci ya sha wahalar ja. In kun gama, ka je wajen mai agogo biyu da rana tsaka a duba ɓangaren sama, wato gefen da matsin gas ya fi yawa. Akwai takarda manne a cikin bonet ko saman lagireto da ta faɗi giram nawa motar ke ci, in ba ta goge ba. Ka kuma tambayi wane gas aka zuba. Ka ga gwangwanin da idonka, R134a. Na esin ɗaki, R22, matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota.

Direban Gusau

To Baba, na karɓa. Wayar dai tana nan a tawa tsohuwar, gobe zan sa a cire. Amma maganar sil ai ta fito, Alhaji ka ajiye kuɗin Beljiyam a gefe, ko ba bana ba.

Baban Ummi, Dawanau

An gama jiya. Boris sabo na samu, mai lamba ɗaya da tsohon, aka matsa shi wajen masu injin matsi. Da muka buɗe robar tsohon don mu gani, giris ɗin ya zama busasshen gari ja. Mun cire mai kaurin muka bar siririyar, ratar ta dawo 0.55 a ko'ina, faranti ba ya goga. Mai rewaya ya kankare wurin 'yar wayar jikin kwamfuresa, muka wanke kondensa ta baya da tiyo, abin da ya fito na ƙaiƙayin riɗi ba a magana.

Yau na je Bichi na dawo da azahar, na tsaya a cunkoson Kurna, yana kamawa yana saki da kansa, ba a nemi ƙota ba. Kukan safe ma ya tafi.

Na bi ta wajen wani mai agogo biyu kamar yadda Baba ya ce. Ya ce ɓangaren sama ya hau fiye da yadda yake so, gas ya yi yawa. Takardar cikin bonet ɗina ta goge, ba a ganin lambar. In akwai mai irin wannan motar, 3RZ mai ƙofa huɗu, da takardarsa ke karantuwa, don Allah ya ɗauko min hotonta, ranar Asabar nake son a zuƙe a auna da sikeli.